Wadi Degla, hamada a bakin Alƙahira

Ɗalibanmu da ke Masar, don Allah in an samu hutu ku leƙa Wadi Degla. Gefen unguwar Ma'adi yake nan kusa, amma kana shiga, hayaniyar Alƙahira da hon ɗin motoci sai su ɗauke gaba ɗaya.

Kwari ne tsakanin duwatsun farar ƙasa, tsawonsa ya kai kilomita 30, gwamnatin Masar ta killace shi tun 1999. Mun taka da ƙafa ni da abokaina, wasu na wuce mu a kan keke, wasu gudu suke, wasu iyalai kuma sun shimfiɗa tabarma suna gasa nama. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na duƙa na kalli jikin dutse sai ga kwanson halittun teku sun maƙale a ciki sun zama dutse, wato wurin nan da ƙishirwa ke neman kashe mu teku ne ya taɓa rufe shi shekaru miliyoyi da suka wuce, Allahu Akbar, na daɗe ina shafa shi da yatsa.

Sai dai ledoji wallahi sun ɓata min rai, iska na kwaso su suna maƙalewa a 'yan tsirran da ke fama da fari, ga robobin ruwa da mutane ke yarwa. Mun tsince wanda muka iya.

In za ku je ku yi sammako, ku riƙe ruwa da yawa don babu shago a ciki, inuwa ma sai a gindin dutse.