Wasiƙa zuwa ga masu shirin dasa itatuwan marmari: a gwada ƙasa tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna gaishe ku daga ƙetare, da fatan kuna lafiya.

Roƙonmu shi ne kada kowa ya haƙa ramin dashe bai san tsamin ƙasarsa ba. Hatsi idan ya ƙi bana, a gyara baɗi. Bishiya kuwa shekaru za ta yi a wuri ɗaya, kuma da zarar saiwa ta kama, gyaran ƙasar da ke can ƙasa ya yi wuya.

Ma'aunin tsami shi ake kira pH, daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Yawancin itatuwan marmari sun fi son 6 zuwa 7, abarba ce ke jure tsami har 5. Ku lura, ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma. Idan pH ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam na narkewa ya hana saiwa girma, fosfaros, ɗaya daga sinadaran abincin shuka, kuma ya ɗaure, ku zuba taki bishiya ta kasa ci. Idan ya haura 7.5, sinadarin ƙarfe ne ke ƙin shiga: sabon ganye ya yi ɗorawa, jijiyoyinsa na nan kore.

Wurin ɗibar ƙasa aka fi yin kuskure. A ɗiba daga wurare 10 zuwa 15 a warwatse, ta sama zuwa zurfin santimita 30 daban, ta 30 zuwa 60 daban. A kauce wa inda aka tara taki ko aka zubar da toka. A gauraya a bokitin roba mai tsabta, a shanya a inuwa, a kai rabin kilo ɗakin gwaji. Takardar gwaji ta gida, da tataccen ruwa, tana nuna tsami kawai. Fosfaros da fotash sai ɗakin gwaji.

Idan tsami ya yi yawa, a cuɗa garin farar ƙasa na noma (laim, mai rage tsami) cikin ƙasar wata 2 ko 3 kafin dashe, domin wanda aka barbaɗa a sama a hankali yake sauka. Laka ta fi jigawa buƙatarsa, don haka a bi adadin da sakamakon ya faɗa. Idan kanwa ce ta yi yawa, wato pH ya haura 7.5, farar wuta ke saukar da ita, sai dai tana ɗaukar watanni, kuma a daina zuba toka a wurin.

Wassalam,
'Yan uwanku na ƙetare