Abin da kujerar baya ta koya mini a kan biyola

Ba ni na zaɓi biyola ba, malamina ne ya zaɓa mini. Ina ɗan shekara 16, bayan shekara biyar ina fama da biyolin, sai wata rana ya dubi tsawon hannuna ya ce, "Yaro, wannan ta yi maka kaɗan. Ungo yayarta." Ga wanda bai san biyola ba, kamar goge ce mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa, ana goga ta da baka mai izgar doki. Ta fi biyolin girma da kaurin murya, kuma rubutun waƙarta ma daban yake. Na yi wata uku ina karanta shi kamar ɗan aji ɗaya.

Shekara huɗu na yi a wata makarantar kiɗa a Landan. A can na ji labarin Lionel Tertis, makaɗin Ingila wanda ya fito da martabar biyola. Mai tsara kiɗa William Walton ya rubuta masa babban kiɗa a 1929, Tertis ya ƙi karɓa, sai Paul Hindemith ne ya fara kaɗa shi. Kowane ɗalibi burinsa ya tsaya gaban jama'a da wannan kiɗan. Ni ma haka.

Amma neman aiki a babbar ƙungiyar makaɗa wani abu ne daban. Alƙalai suna bayan labule, ba sa ganinka, sai su ce ka kaɗa shafin farko na kiɗan Don Juan na Richard Strauss. Minti biyu ko uku, sai ka ji "mun gode". Sau shida ina jin wannan godiyar kafin a ɗauke ni, aka ajiye ni a kujerar ƙarshe. Mutum biyu ke karanta takarda ɗaya, ni ne mai juya shafi. Makon farko abokiyar zamana ta rubuta mini da fensir a gefen takarda: "Ina jin ka." Na ɗauka yabo ne. Ashe nufinta sautina ya fita daban da na sauran masu biyola goma. Mu ne a tsakiya, biyolin a sama, sello (babbar yayarsu mai kaurin murya) a ƙasa, aikinmu ɗinke su. Sai da na shekara biyu kafin kunnena ya koma kan na kusa da ni.

Girman kai kuma ya ci mini kafaɗa. Na nace wa biyola mai santimita 43 don zurfin muryarta, har hannun hagu ya daina ɗaguwa da safe. Na koma mai 40, ba wanda ya lura.

Yanzu idan sabon ɗalibi ya zo, tsawon hannunsa nake fara aunawa. Daga nan in haɗa shi da wani a kan takarda ɗaya, in ba su tsirkiya guda su yi ta ja tare, har in kasa gane na wane ne nake ji. Iyaye kan tambaya yaushe za a fara waƙa ta sosai. Nakan ce su ba mu wata ɗaya.