Wata uku nawa ne, wata biyu nasu ne

Wasiƙar ta same ni a rumfar wani abokina a Kasuwar Daji, cikin watan Satumban 2023. Yarona ne ya kawo ta daga gida a kan kabu-kabu, don uwarsa ta ga tambarin banki a jikin ambulan hankalinta ya tashi. Na buɗe na karanta a tsaye. Wai ana bi na biyan wata biyar na bashin gida, naira 179,000, ban da tarar jinkiri.

Ni kuwa na san wata uku ne ban biya ba: Yuni, Yuli da Agusta. Na Fabrairu da na Maris na biya su. Saboda haka abin da ya fara zuwa zuciyata murna ce, ko da yake a lokacin fushi na kira ta. Na kama banki da kuskure. Wata ukun da ke hana ni barci sai na ji kamar an sauke mini su daga ka. Daga wannan murnar duk wautar da zan ba ku labari ta taso.

Ga yadda na shiga bashin. A da ina aiki a wani kamfani a nan Sakkwato ana cire mini kashi 2.5 cikin ɗari na albashi duk wata zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa. A 2018 na nemi lamuni daga asusun ta hannun wani bankin jinginar gidaje, aka ba ni naira miliyan biyar a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, in biya cikin shekara ashirin. Na sayi ɗan gida mai ɗaki uku a Arkilla, takardar shaidar mallaka ta koma hannun banki, kowane wata kuma naira 35,800 na fita daga albashina tun kafin in gan shi. A ƙarshen 2022 kamfani ya rage ma'aikata, ina ciki. Na ɗauki kuɗin sallama na zuba a albasa daga Goronyo da Wurno, na ajiye ina jiran ta yi tsada. Damina ta sauka, fiye da rabi ta ruɓe. Ga shi an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya ninka. Nan biyan ya tsaya.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai daga baya. A garinmu mutum ba ya son a ji ya ci bashi mai ruwa. Ni kaina zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba, kuma da a ce yau ne, da na fara tambayar bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda suka soma aiki a Najeriya tun 2012. Amma kunyar nan ta jawo mini wata asarar daban. Na ɓoye bashin, sai na ɓoye matsalarsa, na hana kaina shawarar duk wanda ya fi ni sanin harkar. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni na ɗauka a cikina kaɗai yake.

Washegari na tafi banki da wasiƙar a hannu. Ban ɗauki rasit ba, ban rubuta komai ba. Na tsaya gaban wata yarinya da ke teburin sauraren abokan hulɗa na ɗaga murya har mai gadi ya leƙo. Na ce su ɓarayi ne, na ce na biya. Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, kana da shaidar biyan?" Na ce ai aikinsu ne su nemo. Manaja ya fito ya ja ni ofishinsa, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce za a duba. Na fito ina jin na yi nasara. A bakin ƙofa na rantse ba zan ƙara biyan ko kwabo ba sai sun gyara lissafinsu.

Ku lura da abin da na bari a bankin ranar: hayaniya. Ba ta da kwanan wata, ba ta da lamba, ba wanda zai same ta a fayil. A wurinsu ban taɓa kai ƙorafi ba.

Rantsuwar kuwa na cika ta. Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba, ban biya ba, alhali daga Oktoba na fara samun abin da zan iya bayarwa. Wata ukuna na gaskiya suka zama bakwai, naira 250,600, tara kuma tana hawa. Na daina ɗaga wayarsu. Na yi tsammanin ina hora su ne. Yarjejeniyar da na sa wa hannu a 2018, wadda ban taɓa karantawa ba har ƙarshe, babu inda ta ce in banki ya yi kuskure a wata biyu an ɗage mini biyan sauran watanni. Akwai dai inda ta ce in na gaza biya suna da ikon sayar da gidan. A Janairun 2024 wasiƙa ta biyu ta zo, wannan karon daga lauyansu, tana tuna mini da wannan sakin layi.

Ranar na kasa cin tuwo. Bayan isha'i na tafi Mabera wurin kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin akanta. Na zayyana masa komai, na fi tsayawa kan zaluncin banki. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ban tambaye ka abin da sunka yi ba. Kai mi kay yi? Nawa ka san ana bin ka, tsakaninka da Allah?" Na ce wata bakwai. Ya ce, "To wanga fushi naka na wata huɗu, wa ya cuta? Laifi tudu ne, ka take naka ka hango nasu." Ya tuna mini cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ni kuma na tafi rigimar bashi da baki kawai.

Ya ɗauko takarda ya ja layi a tsakiya. Dama ya rubuta abin da na yarda ana bi na. Hagu ya rubuta abin da ban yarda ba: Fabrairu da Maris 2023, naira 71,600, da duk tarar da aka ɗora a kansu. Ya ce daga yau kada in sake haɗa su a magana ɗaya.

Neman shaidar ya fi komai wahala. Waɗannan watanni biyu lokacin ƙarancin takardun naira ne, bayan sauya fasalin kuɗi, lokacin da taransifa ke maƙalewa kuma ba a iya shiga banki saboda cunkoso. Wurin wani mai POS kusa da gida na biya. Na tono rasit ɗin daga aljihun wata tsohuwar riga, na tarar zafin Sakkwato ya cinye rubutun, takarda ta koma fara fat. Irin wannan takarda ba ta shekara. Allah ya taimake ni yaron yana nan bai tashi ba, kuma manhajar da yake aiki da ita tana ajiye tarihin duk abin da ya tura. Muka zauna a shagonsa muna ja da baya har muka kai ga ranakun. Kowace taransifa tsakanin bankuna tana da wata doguwar lamba mai alƙalami 30, ita ce ake bin sawun kuɗi da ita. Ya fitar mini da su biyun, na kai aka buga a takarda ta gaske.

Sai wasiƙar. Wadda na fara rubutawa shafi uku ce, cike da "rashin imani" da "cin amana". Kawu ya karanta ya ninke ta ya sa ƙarƙashin tabarma. Wadda muka aika ba ta cika shafi ɗaya ba. Sunana da lambar asusun lamuni. Ranakun biya biyu, adadinsu, lambobinsu. Abin da nake nema: a shigar da kuɗin a ranakun da na biya, a cire tarar da ta hau kansu, a ba ni cikakken bayanin asusu tun daga 2018, a gyara abin da aka kai wa kamfanonin tattara bayanan bashi a kaina. Sannan sakin layin da na yi gardama kafin in yarda da shi: na amsa cewa wata bakwai suna kaina, ga dalili, ga abin da zan iya biya duk wata. Na ce wa kawu ai wannan miƙa wuya ne. Ya ce lissafin yana gabansu ko na amsa ko ban amsa ba, kuma wanda ya faɗi gaskiya a kan nasa an fi saurin duba ƙorafinsa a kan nasu.

Na kai kwafi biyu, na tsaya sai da aka buga hatimi da kwanan wata a nawa, na kuma nemi lambar ƙorafi. Yarinyar nan da na yi wa tsawa ita ta karɓa. Na ba ta haƙuri. Ba ita ta yi kuskuren ba, kuma daga baya ita ce ke gaya mini teburin da takardata ta kai. A ranar na biya wata guda, a cikin banki, na karɓi rasit.

Abin da na koya a makonnin da suka biyo baya, da na san shi tun Satumba da ban kai ga lauya ba. Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna, kuma bankunan jinginar gidaje ma a ƙarƙashinsa suke. Amma ba ya sauraren wanda bai fara kai kuka bankinsa ba. Ƙa'idar ita ce ka rubuta wa bankinka, ka ba shi mako biyu, in kuma maganar lamuni ce ko cajin da ya wuce kima, kwana 30. In bai warware ba sai ka rubuta wa Babban Banki, ka haɗa da shaidar cewa ka fara bi ta bankin. Kwafin nan mai hatimi shi ne shaidar. Akwai kuma kundin cajin banki da Babban Bankin ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ya ƙayyade abin da za a iya caja har da tarar jinkiri, don haka mutum yana da abin da zai auna bayanin asusunsa da shi. Ba a biyan kowa kuɗi don kai irin wannan ƙorafi. Na faɗi haka ne saboda wani ya so ya karɓi dubu ashirin a hannuna wai yana da hanya a Abuja.

Kwana 30 suka cika shiru. Na rubuta wa Babban Banki ta imel, na liƙa komai. Cikin watan Afrilu aka kira ni. Ashe kuɗin sun shiga tun ranar da na tura, amma da yake sunan mai POS ne a kansu, an jibge su a wani asusun ajiyar kuɗin da ba a gane mai su ba, ba wanda ya bi sawu. Suka shigar da su, suka cire tarar wata biyun, suka ba ni takardar ban haƙuri. Tarar watannin da na ƙi biya don fushi kuwa tana nan daram, ba wanda ya yafe mini ita, kuma ban ga dalilin da zai sa a yafe ba.

Saura sunana. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Kamfanoni uku ne ke wannan aiki, CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Na nemi nawa, na ga har lokacin ana nuna Fabrairu da Maris a matsayin ban biya ba. Sai da na sake rubutawa kafin a gyara. Wata bakwai ɗin suna nan a rubuce, duk bankin da na je neman jari zai gani. Ku da za ku ci bashi yanzu akwai ƙarin abin da ni bai shafe ni ba: tun Agustan 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi kuɗin bashinsa daga asusunka na kowane banki, in ka sa hannu a takardar amincewa lokacin karɓar lamuni. Takardar tana cikin tarin da ake miƙo maka ana nuna maka inda za ka sa hannu. Ka ce a ba ka ka je gida da su ka karanta, ko ka kai wa wanda ya iya.

Da muka zauna da manaja kan abin da ya rage, ya ce da na zo tun Yunin 2023, wata na farko da na kasa biya, da an duba yiwuwar sassauta mini kafin tara ta taru. Ko da gaske yake ko daɗin baki ne, ban je ba balle in gwada shi. Muka daidaita a kan in riƙa ƙara naira 15,000 a kan biyan kowane wata har bashin baya ya ƙare, aka rubuta, kowa ya sa hannu, na karɓi kwafina.

Yanzu daga asusuna nake turawa da kaina, in rubuta lambar lamuni a wurin bayani, in ɗauki hoton rasit in tura wa matata ta WhatsApp don ya zauna a waya biyu. Duk wata uku ina zuwa karɓar bayanin asusu, in zauna da biro in bi shi layi-layi. A na watan jiya na ga cajin naira 1,075 da ban gane ba. Wasiƙarsa tana cikin jakata, kwafi biyu, gobe Litinin zan kai.