Dariyar da ta raba 'yan kallo a Nima

Daren Asabar mun kalli wani fim ɗin barkwanci a unguwar Nima da ke birnin Accra, labarin saurayin da ke sauya suna da harshe gwargwadon wanda ya tambaye shi asalinsa: Twi a kasuwar Makola, Hausa a masallaci, Turanci a layin karɓar Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Samari sun yi ta dariya har wani ya ɓarar da shayinsa, domin kusan kowannensu an taɓa kiransa baƙo alhali a nan aka binne cibiyarsa. Dattawa kuwa ko murmushi ba su yi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani tsoho da ke gefena ya tuna mini cewa irin wannan tambayar ce ta raba shi da maƙwabtansa a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Ghana.