Rabin Milimita: Abin da Na Koya a Bayan Ayarin Kekuna

Ranar da na miƙa akwatin kayan gyara da makullin sito, ban tsaya dogon ban kwana da kowa ba. Shekara huɗu na yi ina bin bayan ayarin baƙi masu hawan keken dutse a kudancin Maroko, daga kwazazzabon Dades zuwa na Todra, a haure Dutsen Sagro, a gangara Nkob, a ƙarasa Ait Bin Haddu. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san matsayin mai bin baya. Kai ne makanike, kai ne mai lallashin wanda ƙafarsa ta mutu a tsakiyar hawa, kai ne kake isa masauki bayan kowa, kuma idan abu ya ɓaci sunanka ake fara kira. Shugaban tafiyarmu kuwa zan kira shi madugu kawai, don ba sunansa ne ya dame ni ba.

A shekarata ta biyu abin ya faru. Mun kwana a gindin mashigin Tizi n'Tazazart, wanda tsayinsa ya haura mita 2,000, da safe za mu ƙarasa hawa sannan mu sauka zuwa Nkob, gangaren da ya fi mita 1,000, yawancinsa tsakuwa da kwanoni masu kaifi. Da daddare na bi kekunan ɗaya bayan ɗaya da tocila, kamar kullum. Da na zo kan na wani baƙo mai jiki, dattijo mai fara'a amma mai tsoron gangara, sai na ga takalman birkinsa na baya sun cinye. Kamfanin Shimano mai ƙera birkin keke ya ce idan abin da ya rage a jikin takalmin ya kai rabin milimita a canza shi. Nasa yana gab da wannan iyaka, ko ma ya taɓa ta. Kuma na san irin tuƙinsa: tun daga sama yake damƙe hannun birki, ba ya saki har ƙasa.

Na buɗe akwati, babu irin takalman da za su shiga. Madugu ya rage odar kayan gyara tun farkon zango, wai ana ɓarnar su. Na same shi yana duba jadawalin gobe, na ce, “Yallaɓai, keken dattijon nan ba zai kai Nkob da wannan birkin ba. Ko dai a sa shi a mota a gangaren, ko a nemo takalma.” Bai ko ɗago kai ba. Ya ce mutumin ya biya kuɗinsa ne saboda wannan gangaren, yini ɗaya ne kawai, in bar cika baki kamar ni na ƙera keken. Direban motar kaya yana zaune a wurin, ya ji komai.

Ga inda nawa laifin yake, kuma shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa a wurin aikin ba. Kekena da na dattijon birki iri ɗaya suke da shi. Da na cire takalmana na sa masa, minti goma ya ishe ni, ni kuma na san yadda zan lallaɓa da tsofaffin har ƙasa. Na tuna da haka a daren, ba daga baya ba. Amma raina a ɓace yake, kuma can ƙasan zuciyata ina so abin ya ɗan nuna, birkin ya yi ƙara, dattijon ya yi ƙorafi a gaban jama'a, madugu ya ji kunya. Na rufe akwati na je na kwanta.

Birkin keken dutse na zamani da mai yake aiki. Idan ka matsa hannun, man ne yake tura takalman su kama faifan ƙarfen da ke jikin taya. Duk gudun da ka rage, zafi yake komawa. Takalmi mai kauri yana tare wani ɓangare na zafin, wanda ya cinye kuwa yana miƙa shi kai tsaye ga man. Idan man ya tafasa sai kumfar tururi ta taru a layin, ka ja hannun birki ya tafi har ya taɓa mariƙi, keke kuma bai san kana yi ba. Haka ta faru da dattijon wajen rabin gangaren. Ina bayansa da ɗan nisa, na ga yana ƙara gudu inda ya kamata ya rage. A bakin kwana ya damƙe na gaba da dukkan ƙarfinsa, tayar baya ta ɗaga, ya wuntsila ta saman kan keken. Hular kwano ta ceci kansa. Ƙashin kafaɗa da wuyan hannu suka karye. Da kwanar ta gaba ce, inda babu komai a gefe sai sarari, da wani labarin nake rubutawa.

Babu sabis ɗin waya a wurin. Na ɗaure masa hannu, muka jira mota, aka kama doguwar hanya zuwa birnin Warzazat. Yana ta ba ni haƙuri wai ya ɓata mana tafiya. Har yau wannan haƙurin ya fi komai ci mini rai.

Rahoton da madugu ya rubuta layi huɗu ne, kuma ya ce makanike bai duba birkin ba. Na ce na duba, na kuma faɗa. Aka ce ina shaida? Direban ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa sosai ba, yana da 'ya'ya, kuma madugu ne yake raba ranakun aiki. Aka zaftare mini albashi, aka mayar da ni sito na yi zango guda ina wanke sarƙoƙi da faci. Madugu kuwa ya ci gaba da tsayawa a gaban ayari yana ba baƙi labarin yaƙin Bugafer na 1933, yadda 'yan ƙabilar Ait Atta ƙarƙashin jagoransu Assu U Baslam suka tsaya wa sojojin Faransa a cikin duwatsun nan na Sagro. Ya iya ba da labarin, wannan ba zan hana shi ba. Jarumtar wasu ce dai.

Da aka dawo da ni hanya, na sayi littafin rubutu da ma'aunin kauri da kuɗina. Kowane dare sai na rubuta lambar keke, kaurin takalma, kaurin faifai, ranar da aka canza mai, in kai wa madugu ya sa hannu. Ya yi ta yi mini dariya, yana ce mini akawu. Amma daga ranar ba a ƙara rage odar takalman birki ba, don wanda ya ƙi sa hannu ya san abin da ya ƙi. Mai shirin shiga wannan aiki ya riƙe wannan: maganar baki da shugaba iska ce, musamman shugaban da ya iya rubuta rahoto.

Littafin ya yi mini rana sau ɗaya a wani abin da ba birki ba. Muna shirin bin busasshen rafi a sama da kwazazzabon Todra, inda bangon dutse ya miƙe sama da mita ɗari ta kowane gefe, faɗin wurin kuma a matsatsinsa bai wuce mita goma ba. Rana tana haske a kanmu, amma hadari ya haɗu baƙi ƙirin can kan tsaunukan arewa. A irin wannan ƙasa ruwan da zai kashe ka ba a kanka yake sauka ba. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a sama sai ya tattaro ya biyo kwazazzabo. Mutanen ƙasar ba su manta da ambaliyar kwarin Urika ta watan Agustan 1995 ba, wadda ta ci masu yawon shaƙatawa da yawa. Na rubuta cewa ban yarda a shiga ba, na miƙa wa madugu biro. Ya dube ni, ya dubi hadarin, ya ce a bi kwalta. Da yamma ruwa ya zo, ja wur, yana mirgino duwatsu. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Kada ka yarda da baƙon da ya ce shi gwani ne sai ka ga yadda yake shan kwana ta farko. Hanyar da ka bi bara ba ita ce ta bana ba, ruwa ɗaya ya isa ya sauya ta. Alfadari da mai shi sun riga ka zuwa, ka sauka ka ba su hanya. A Ait Bin Haddu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, ginin duk na ƙasa ne, kada ka bari kowa ya jingina keke a bango ko ya hau don hoto, ko da madugu ne ya nuna masa wurin tsayawa.

Dattijon ya aiko da saƙo bayan wata shida cewa ya warke, ya koma hawa, a gaishe masa da makanike mai kirki. Madugu ne ya karanta mana a gaban kowa.

Yaron da ya gaje ni na bar masa ma'aunin, na nuna masa yadda ake leƙa takalma ba tare da cire taya ba, na kuma gaya masa waɗanne kekuna ne birkinsu ya zo ɗaya da nasa. Ya tambayi littafin. Na ce ya sayi nasa, wannan da kuɗina na saya, kuma akwai sa hannun wani a ciki da nake so in ajiye.