Ka dawo daga ɗaga ƙarfe, abinci ya ƙi shiga

Mutum ya gama atisaye da yamma, riga sharkaf da gumi, ya dawo gida aka ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya kai loma biyu, ta uku ta tsaya a maƙogwaro. Ya kora da ruwa ya kwanta. Washegari ya tashi jiki a mace, ya wuce aiki ba kari, yamma ta yi ya sake komawa kan ƙarfe. Bayan wata biyu ya hau sikeli ya tarar ya ragu da kilo ɗaya, alhali damtse ya je nema.

Daina jin yunwa bayan atisaye mai ƙarfi ba ciwo ba ne. Lokacin da kake ɗaga nauyi, jiki yana janye jini daga ciki da hanji ya tura wa tsokar da ke aiki, ya kuma tura wa fata don ta sauke zafi. Cikin da jini ya yi masa ƙaranci ba ya marmarin abinci. Sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda ake kira girelin, yana sauka, wasu sinadaran hanji masu sa a ji ƙoshi kuma suna hawa. A 2022 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana wani sinadari da suka kira Lac-Phe, wanda jiki ke haɗawa daga laktet ɗin da tsoka ke fitarwa idan aiki ya yi tsanani, kuma a gwajin da aka yi da ɓeraye ya rage musu cin abinci. Shi ya sa ranar ƙafa, ranar da ka yi ta tsuguno da ƙarfe a kafaɗa har kana ganin duhu-duhu, ta fi kashe yunwa fiye da ranar da ka taɓa hannu kawai. A ka'ida wannan yanayin yana wucewa cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ko ya ɗan zarce idan garin da zafi.

To, idan cikin ya buɗe bayan awa ɗaya ka ci abincinka, babu abin gyarawa. Maganar da ake yaɗawa cewa dole ka cusa abinci cikin minti 30 ko wahalarka ta tashi a banza, an zuzuta ta ne. Abin da tsoka ke lissafi da shi shi ne jimillar abin da ya shiga cikinka a yini.

Matsalar tana farawa ne idan rashin cin ya ƙi wucewa ya haɗu da kasala. Kuma su biyun ciyar da juna suke yi. Tsoka tana ajiye sukari a cikinta, ana kiran ajiyar gilaikojin, kuma atisaye ɗaya mai nauyi yana iya cinye kwata ko fiye na abin da ke cikin tsokar da ta yi aikin. Idan ba ka mayar da shi da shinkafa, doya, dankali, tuwo ko fura ba, gobe da rabin tanki za ka shiga. Ƙarfen da ka ɗaga sau goma jiya sai ya gagare ka a na bakwai. Sai ka ɗauka lalaci ne, ka ƙara zagaye (wato jerin ɗagawar da ake yi a jere kafin a huta), ka sha garin ƙarin kuzari kafin atisaye. Wannan garin yawanci yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da goro, miligiram 150 zuwa 300 a awo ɗaya, kuma jiki yana ɗaukar wajen awa biyar kafin ya fitar da rabinsa. Wanda ya sha da ƙarfe biyar na yamma, goma na dare rabin yana nan a jininsa. Barci ya lalace, yunwa ta ƙara gudu. Goro da kofi da lemon gwangwani mai sa kuzari duk layi ɗaya suke.

Sai a zo kan lissafi. Mai gina jiki yana buƙatar furotin giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Mai kilo 60 ke nan giram 96 zuwa 132. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, saboda haka mai cin ƙwai biyu da safe yana ganin ya gama da furotin, giram 12 kawai ya samu. Kofin dafaffen wake yana ba da wajen 13 zuwa 15. Giram 100 na dafaffen nama ko kaza marar ƙashi yana kaiwa 25 zuwa 30. Awara, kifi, kindirmo, ƙuli-ƙuli da kilishi duk suna cike giɓi. A raba shi gida uku ko huɗu, giram 25 zuwa 35 a kowane zama. A ɓangaren kuzari kuwa, ƙarin kalori 300 zuwa 500 a kullum a kan abin da ke riƙe nauyinka ya wadatar. Ba sai ka zauna da biro kana ƙirga kowace loma ba: hau sikeli sau uku a mako, da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai, ka ɗauki matsakaici. Mai kilo 60 ya kamata ya ga ƙarin giram 150 zuwa 300 a mako. Mako uku allura ba ta motsa ba, abinci ne bai kai ba, komai yawan da kake ganin kana ci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara duk nauyin cin a kan abincin dare, wato daidai lokacin da ciki ya fi rufewa. Juya tsarin. Ka ci babban abincinka awa biyu zuwa uku kafin atisaye, ka yi kari na kirki da safe, sannan abin da zai biyo bayan ƙarfe ya zama na sha. Ruwa-ruwa ya fi saurin barin ciki kuma ba ya cika mutum kamar abin taunawa. Ga haɗi ɗaya mai sauƙi: madarar gari babban cokali huɗu, ayaba ɗaya, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu, dabino huɗu da aka jiƙa aka cire ƙwallon, a markaɗa da ruwan sanyi rabin lita. Wannan ya haura kalori 500, da furotin wajen giram 16 ko 17, kuma ana shanye shi a tsaye. Wanda ba shi da injin markaɗe, fura da nono mai kauri ko kunun gyaɗa da madara za su yi masa aikin. Mai fama da kumburin ciki idan ya sha madara ya gwada kindirmo, ya fi sauƙi a hanji.

Wata dabarar ita ce ƙara nauyin abinci ba tare da ƙara girmansa ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, kuma idan aka zuba a shinkafa da wake ba ya ƙara loma ko ɗaya. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, ga ta nan a aljihu kana tafiya kana watsawa. A guji cika ciki da ruwa ko kabeji da latas kafin a fara cin ainihin abincin. Suna da amfaninsu, amma su zo daga baya.

Ruwa kuma ba a yi masa kintace. Auna kanka kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ɓace lita ɗaya ce ta gumi, kuma ka mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a hankali cikin awannin da ke biye. A zafin Maris da Afrilu, a ɗakin atisaye mai rufin kwano da fanka ɗaya, rasa kilo ɗaya cikin awa guda ba abin mamaki ba ne. Gumi yana tafiya da gishiri, don haka ruwa zalla ba ya isa. Abinci mai gishiri daidai ko sacet ɗin ORS a lita ɗaya yana gyara wannan. Zafin jiki kansa yana kashe yunwa, shi ya sa wanka da ruwan sanyi da zama minti ashirin a inuwa kan buɗe cikin da ya ƙi buɗewa.

Idan an gyara ci da sha da barci na awa bakwai zuwa tara amma har yanzu jiki a mace yake, to a duba yawan aikin. Zagaye 10 zuwa 20 masu nauyi a mako ga kowace tsoka sun isa yawancin mutane, sabon shiga ma goma sun yi masa. Ba kowane zagaye ake kaiwa har hannu ya gaza ba. Ka tsaya da sauran ɗagawa ɗaya zuwa uku a jikinka. Bayan kowane mako huɗu zuwa takwas a yi mako guda na sassauci, a rage zagaye zuwa rabi. Tsamin jiki da ke tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye abu ne da aka sani. Amma idan ƙarfinka yana raguwa mako biyu a jere, bugun zuciyarka na farkawa ya ƙaru da biyar zuwa goma a kan yadda ya saba, ga saurin fushi ga barci rabi-rabi, jiki ne ke neman hutu. Sau da yawa yunwa tana dawowa da kanta a kwana na uku ko na huɗu na sassaucin.

Akwai hanyar da samari da 'yan mata ke bi wadda ya kamata a yi magana a kanta, wato maganin ƙiba na kemis. Siproheptadin yana buɗe ciki, amma yana saukar da barci da kasala, abin da kake gudu ke nan. Dekzametazon ya fi muni: kumatu su ciko, ciki ya fito, jiki ya tara ruwa, a ce mutum ya murmure, alhali maganin yana zaftare tsokar cinya da ta kafaɗa, yana tayar da sukari da hawan jini. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke shi rana ɗaya, likita ne zai sauke shi a hankali.

Ba kowace gajiya ce ta ƙarfe ba. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, ƙarancin jini musamman ga mata masu zubar da jini da yawa a al'ada, ciwon hanta da ciwon sukari duk suna zuwa da kasala da ƙin abinci. Idan abin ya wuce mako biyu duk da hutu, ko akwai zazzaɓi, rama, idanu sun yi ɗorawa, ko yawan ƙishi da fitsari, a je a yi gwajin jini. Abu ɗaya kuma ba ya jiran gobe: fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da ƙima. Alama ce tsoka ta farfashe tana zuba abin cikinta a jini, kuma ƙoda ce ke ɗaukar dukan. Ya fi samun wanda ya dawo bayan dogon hutu ya ɗora daga inda ya tsaya, a cikin zafi, ba ruwa, kuma masu jinin AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila, sun fi sauran fuskantar haɗarin. Wannan a wuce asibiti a daren.