Yadda na nemi takardun na'urar bibiyar wayoyi daga wata hukumar tsaro a Amurka

A Amurka akwai dokar da ta ba kowane mutum, ɗan ƙasa ne ko baƙo, damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya nemi takardunta. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa mata hannu ranar 4 ga Yuli, 1966, kuma ana kiranta FOIA a taƙaice. Da ita na nemi bayani kan wata na'ura da jami'an tsaro ke bibiyar wayoyin salula da ita, wadda aka fi sani da Stingray, ƙirar kamfanin Harris.

Na'urar tana kwaikwayon eriyar kamfanin waya ne. Wayoyin da ke kusa sai su ɗauka ta gaske ce su haɗu da ita, ita kuma ta karɓi lambar shaidar kowace waya ta gano wajen da take. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta tantance mai laifi da marar laifi. Idan aka kunna ta a unguwa saboda mutum ɗaya, wayar maƙwabcinsa da ta mai wucewa duk sun shiga. To wa ke ba da izinin kunna ta, kuma ina ake kai bayanan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba?

Kafin in rubuta komai na je wurin wata lauya da ta daɗe tana irin wannan aiki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, waɗannan tambayoyi ne, doka kuwa ba ta tilasta musu amsa tambaya ba. Takardar da take hannunsu ita za ka nema, kuma ka kira ta da sunanta." Haka abin yake: hukuma ba ta da wajibin ƙirƙiro maka sabon rahoto, ko yi maka bayani. Saboda haka na mayar da kowace tambaya takarda. Na nemi rubutacciyar ƙa'idar amfani da na'urar, da kwangilar sayenta da rasitai, da littafin horar da jami'ai, da duk wata yarjejeniyar rufe baki da aka ƙulla a kanta, na kuma ƙayyade shekarun da nake so. Wanda ba don kasuwanci yake nema ba, shafi 100 na farko da awa biyu na binciken takardu kyauta ne, don haka na faɗi matsayina a fili a cikin wasiƙar.

Doka ta ba hukuma ranakun aiki 20 ta yanke shawara. Abin da ya zo mini a wannan wa'adi shi ne lambar bin sawu da sanarwar cewa ina cikin layi. Watanni suka shuɗe.

Da takardun suka iso, na buɗe su ina ɗoki. Akwai wani saƙon imel tsakanin jami'ai biyu: kwanan wata na nan, gaisuwar farko na nan, daga nan sai wani ƙaton akwati baƙi ya cinye shafin har ƙasa, inda aka bar kalmar godiya ita kaɗai. A gefen akwatin an buga b7E da ƙananan haruffa. Shafi na gaba haka, na bayansa ma haka. Littafin horarwa kuwa ko bangonsa ban gani ba, an riƙe shi gaba ɗaya.

Wannan b7E ita ce katangar da duk mai neman irin waɗannan takardu zai ci karo da ita. Dokar tana da togaciya tara, wato dalilan da ke ba hukuma damar riƙe takarda, ta bakwai ta shafi takardun tabbatar da doka, kuma ta rabu gida shida. Akwai mai kare binciken da ba a kammala ba, akwai mai kare sirrin mutane, akwai mai ɓoye mai tsegunta wa hukuma labari. Ta biyar, mai harafin E, wato b7E ɗin, ita ke ɓoye dabarun bincike da hanyoyinsa. Ni ban ga laifin wasu daga cikin waɗannan ba. Sunan wanda ya sayar da ransa ya tona asirin gungun masu kisa bai kamata ya fita ba, kuma ba na neman a koya wa ɓarawo yadda zai kauce wa tarko. Amma ƙa'idar da ta ce sai alƙali ya sa hannu kafin a kunna na'ura, ko adadin kwanakin da ake ajiye bayanan mutane, wane mai laifi ne zai tsira don ya san su? A nan ne na ga ana faɗaɗa togaciya har ta rufe abin da jama'a suka fi kowa haƙƙin sani.

Kuma tarihi ya nuna dalilin nacewa. A 2015, bayan ƙarar da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta NYCLU ta shigar a ƙarƙashin dokar jihar New York, yarjejeniyar da ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gundumar Erie, ya ƙulla da FBI ta fito fili. A cikinta an amince cewa idan FBI ta buƙata, gara a janye tuhuma daga kotu da a bayyana bayanan na'urar. Wato alƙali da lauyan wanda ake tuhuma na iya zama cikin duhu game da yadda aka samo hujja. A watan Satumba na wannan shekarar Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa jami'anta samun sammacin kotu kafin amfani da ita, sai dai a wasu yanayi na gaggawa. Tun kafin nan, a Disamba 1973, ɗan jaridar NBC Carl Stern ya samo takardun farko na shirin COINTELPRO ta hanyar ƙara a ƙarƙashin wannan doka, shirin da FBI ta yi shekaru tana leƙen asirin ƙungiyoyin siyasa da masu fafutukar 'yancin baƙar fata tana kuma hargitsa su.

Saboda haka na ɗaukaka ƙara a cikin hukumar kanta, wanda doka ta ba da aƙalla kwana 90 a yi, kuma ba ya buƙatar lauya. Hujja uku na kafa. Doka ta ce duk ɓangaren da za a iya warewa daga abin da aka togace dole a sake shi, to ba zai yiwu a ce littafi guda babu ko sakin layi ɗaya da za a iya nunawa ba. Kotuna kuma sun sha cewa dabarar da jama'a suka riga suka sani ba ta cancanci wannan kariya ba, sai na haɗa da ƙa'idar 2015 da gwamnati ta wallafa da kanta. Sannan gyaran da aka yi wa dokar a 2016 ya ce sai hukuma ta hango wata illa ta zahiri kafin ta riƙe takarda. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da lambobinsu, ban yi ƙorafin jimla ba.

An buɗe mini wasu sakin layi na ƙa'idar amfani da kuma jerin babukan littafin horarwa. Sauran na nan a rufe. Cikakken jerin da ke bayyana dalilin riƙe kowace takarda, wanda ake kira jerin Vaughn saboda wata shari'a mai wannan suna ta 1973, sai an je kotu ake tilasta wa hukuma ta bayar, kotu kuwa kuɗi ne da shekaru. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya kai kuka ofishin sasanci na OGIS da ke ƙarƙashin hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, amma shi shiga tsakani yake yi, ba ya ba da umarni.

Shafukan da aka shafe ma ba su zo a banza ba. Da na jera su bisa kwanan wata, sai na ga rasitin sayen na'ura ya girmi rubutacciyar ƙa'idar amfani da ita nesa ba kusa ba, kuma wannan tazarar babu tawadar da ta rufe ta. A ƙasan wani shafi kuma an ambaci sunan wani fom da jami'i ke cikewa duk lokacin da aka kunna na'urar, tare da lambarsa. Ban san da shi ba a da, don haka ba zan iya nemansa ba. Yanzu na aika sabuwar buƙata da sunansa da lambarsa, na kuma tura makamanciyarta ga 'yan sandan wata jiha, domin dokar tarayya ba ta hau kansu ba, kowace jiha da tata dokar da nata wa'adin.